Ɗinkin tsohon Littafi Mai Tsarki a Sabon Gari: wane aiki ne zai kai wa jikoki?

Littafi Mai Tsarki da ya shekara 30 ana zuwa sujada da shi, an san inda yake fara lalacewa. Bango ya saki gadon baya, Zabura ta yi baƙi da gumin yatsa, taswirorin ƙarshe su ɓace, sannan shafukan farko na Farawa su fara zubowa ɗaya bayan ɗaya. Wato inda alkawarin Nuhu da na Ibrahim suke, can ne takarda ke fara barin littafi, domin ƙunshin farko, wato rukunin takardun da aka naɗe aka ɗinke tare, shi ne ke ɗaukar nauyin bango duk lokacin da aka buɗe. A daidai wannan hali ne yawancin iyalai ke naɗe littafin a leda su nufi wajen masu ɗinkin littattafai na Sabon Garin Kano, ko masu bayindin ɗin da ke yi wa ɗalibai furojet. Wannan sharhi a kan aikinsu ne: iri nawa ne, wanne ya cancanci kuɗinka, da kuma shafukan tarihin iyali da ake ƙarawa, waɗanda a ganinmu su ne suka fi komai daraja, su ne kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Kafin komai, ka san abin da ke hannunka. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fara fitowa a 1932, aikin da Likita Walter Miller na Wusasa ya ba da shekarunsa a kai. Fassarar da ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya ta fitar bayanta ita ce ta 1979. Ba sai ka ga shafin farko ba, sunayen littattafai sun isa su gaya maka. Idan ka ga Kubawar Shari'a, Matta, Yohanna da Ru'ya ta Yohanna, tsohuwar fassara ce. Idan Maimaitawar Shari'a, Matiyu, Yahaya da Wahayin Yahaya ne, ta 1979 ce. Wannan na da amfani idan shafi ya ɓace. Sai an samo daidai bugu irin naka a yi hoton shafin, in ba haka ba ayoyi za su maimaitu a sama ko su yi tsalle a ƙasa. Dattawan ikilisiya da tsofaffin fastoci su ne wurin nema.

Sai ka buɗe littafin sosai ka leƙa lungun tsakiya. Idan kana juya shafuka ka tarar da zare kwance a cikin lungu bayan kowane shafi 16 ko 32, littafin ɗinkakke ne ƙunshi-ƙunshi, kuma kusan kowace irin lalacewa ta gyaru. Idan babu zare ko'ina, warwarin takardu ne aka manne da gam, gyaransa kuma na ɗan lokaci ne. Littafi irin wannan da babu rubutun kaka ko na uba a cikinsa, gaskiya sayen sabo ya fi.

Aiki iri uku ake yi a gari, ko da yake duk da suna ɗaya ake kiransu.

Na farko shi ne gam zalla. A shafa farin gam a gadon baya, a liƙa sabon kwali, a rufe da fatar roba, ka karɓa yau ko gobe. Yana da araha, amma araha ba ta ado. Zaren da ya tsinke yana nan a tsinke, gam ne kawai ya ɓoye shi. Da hunturu ya busa, gam ya bushe ya ƙage, sai littafin ya tsage gida biyu, yawanci a Zabura ko Ishaya inda aka fi buɗewa. Mafi muni shi ne wanda ya yi amfani da solushan na masu gyaran takalmi. Yana kama nan take, shi ya sa ake sonsa, amma yana rina takarda ruwan ƙasa, yana taurare ta, ba ya kuma fita sai da fatar takardar. Idan ka shinshina ka ji warin fetur, shi ne.

Na biyu shi ne huda ta gefe, irin ta furojet. A danne littafin, a huda rami huɗu ko biyar da injin huda ko basilla, a ɗaure da zare mai kauri. Ba ya warwarewa, wannan kam gaskiya ne. Amma yana cinye milimita 6 zuwa 8 na lungu, Littafi Mai Tsarki kuwa ba shi da wannan sararin. Ƙarshen kalmomi su shige cikin ɗinki, littafin ya ƙi kwanciya a buɗe, mai karatu ya riƙa danne shi da ƙarfi, takardar kuma, da yake siririya ce, giram 30 zuwa 40 a kowace murabba'in mita idan aka kwatanta da giram 80 na takardar fotokofi, sai ta fara yagewa daga bakin ramukan. Wannan ɗinki na rasit ne da rajistar makaranta. Ba ma ba da shawararsa ga littafin da ake so ya wuce tsara ɗaya.

Na uku shi ne ainihin aikin, masu yinsa kuma ba su da yawa, sai an tambaya. Ga yadda yake tafiya. Mai ɗinki zai fara ƙirga shafuka a gabanka ya tabbatar babu wanda ya ɓace. Zai cire tsohon bango, ya jiƙa tsohon gam da kunun sitaci har ya yi laushi, ya kankare shi da gefen cokali ko ƙashi mai santsi, ba da reza ba. Ya ware ƙunshi-ƙunshi. Duk takardar da ta tsage a naɗi, a liƙa mata siririn tsiri na takarda marar kauri, faɗin santimita ɗaya, da kunun sitaci. Kunun nan mai sauƙi ne: awo ɗaya na garin alkama ko sitacin rogo, awo biyar na ruwa, a dafa a ƙaramar wuta kamar minti 15 ana juyawa, a bar shi ya huce a tace. Amfaninsa shi ne ko bayan shekara 50 ruwa kaɗan zai sake shi ba tare da ya ci takarda ba. Daga nan a ɗinke kowane ƙunshi ta cikin naɗinsa, a bi tsofaffin ramuka, a kan tsirin yadin auduga guda uku, da zaren da aka goga wa kakin zuma. A shafa farin gam sama-sama a gadon baya, a lanƙwasa shi ya yi ɗan doro, a liƙa yadi mai shara-shara da zai zarce santimita 3 kowane gefe. Wannan yadin shi ke riƙe bango da jikin littafi, shi ne kuma abin da mai gaggawa ke tsallakewa. Kwali mai kaurin milimita 2, ya ɗara shafuka da milimita 3 sama da ƙasa da gaba, a bar masa rata ta milimita 7 daga gadon baya domin ya samu gaɓar buɗewa. A ƙarshe a danne da nauyi kwana biyu. Duk wanda ya ce zai gama wannan a yini ɗaya, na farko zai yi maka da sunan na uku. Mako guda shi ne daidai.

A wajen bango Kano ta fi ƙarfin a yi mata fatar roba. Fatar akuyar da Turawa suka daɗe suna rufe manyan littattafansu da ita suna kiranta ta Maroko, mai yawa daga cikinta daga ƙasar Hausa ta ƙetara Sahara. Har yau majema na jeme ta da bagaruwa, dukawa na rina ta da karan dafi ta yi ja. Waɗannan dukawan da ke ɗinka gafaka da tadarishi na Alƙur'ani tun kaka da kakanni sun san fata fiye da kowane mai bayindin, kuma ana samun ta a wajen Ƙofar Wambai da kasuwar Kurmi. Abin da ya fi shi ne ka saya da kanka ka kai. Fatar akuya ɗaya matsakaiciya ta isa littafi ɗaya har da rara. Ka zaɓi mai laushi, wadda idan ka naɗe ta ba ta fashe ba, ba ta kuma bar launi a jiƙaƙƙen yatsa ba. Jeme-jemen da bai nuna ba yana wari da damina. Rauni ɗaya da muke yawan gani a wajen masu ɗinkin Sabon Gari shi ne ba sa fere bakin fata. Dole a sirance santimita 2 na gefen da za a naɗe ciki, in ba haka ba kusurwa ta yi ƙullutu, bango ya ƙi rufuwa. Idan mai ɗinkinka bai iya ba, baduku zai fere maka cikin minti kaɗan. Fatar roba kuwa shekara uku zuwa biyar a zafin Kano ta fara saɓa kamar maciji.

Magana ɗaya da za ka faɗa da babbar murya tun kafin ka miƙa littafin: «Malam, kada a yanke gefe.» Al'adar masu bayindin ce su sa littafi a injin yankan takarda domin bakinsa ya fito fari tas. Milimita 3 da za a aske, nan ne Baba ya rubuta ranar da aka yi masa baftisma, nan Mama ta sa kwanan wata kusa da ayar da ta riƙe a shekarar da aka yi rashi, nan kuma ƙananan ayoyin manuni suke a wasu bugu. Garin neman gira a rasa ido. Haka kuma kada a yarda a yi wa kowane shafi laminetin, domin zafi ne ke manne robar kuma ba ta fita. Tsohon salatif da ya yi rawaya a bar wanda ya sani ya cire, ja da ƙarfi yana ɗauke rubutu. Ka kuma ɗauki hoton duk shafin da ke da rubutun hannu da wayarka tun a gida.

Yanzu ga shafukan iyali. Yawancin shagunan za su tambaye ka ko a ƙara maka su, a nan kuma aikin nasu ya gaza. Abin da aka saba bayarwa shi ne shafi biyu ko huɗu da aka buga a kwamfuta, da Turanci, a takarda mai sheƙi da biro ba ya kamawa, da layi biyar na haihuwa, biyu na aure, aya ɗaya a sama da zanen fure. Gidan Bahaushe mai 'ya'ya takwas ya cika shi tun kafin jika na fari ya zo. Ka shirya naka ka kai. Takarda huɗu farare marasa sheƙi, giram 70 ko 80, a naɗe biyu su ba da shafi 16, a ɗinke su a matsayin ƙunshi guda. Fiye da haka zai kumbura gadon baya. A tsohuwar al'ada ana sa su tsakanin Malakai da Matiyu, kuma akwai ma'ana mai kyau a ce sunayen gidanku na zaune tsakanin Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari. Amma ta fuskar sana'a ba mu goyi baya ba. Takarda mai kauri a tsakiyar siririya tana zama gaɓar karyewa, kullum littafin a nan zai riƙa buɗe kansa. A sa su a ƙarshe, bayan taswira.

Shafi takwas na zuriya, takwas na jerin alkawari. Wannan jerin shi ne abin da babu shagon da zai yi maka, kuma shi ne zai sa jikan da ya gaji littafin ya gane me ya sa aka wahala a kansa. Ana rubuta wurin aya a hagu, abin da aka alkawarta a tsakiya, inda aka cika a dama. Shafi biyu masu fuskantar juna sun fi dacewa, domin ido ya ga tazarar da ke tsakanin faɗa da cikawa.

A fara da Nuhu, Farawa 9:8-17. Alkawarin ya haɗa da zuriyarsa da kowane mai rai, alamarsa bakan gizo, ba a kuma ɗora wa mutum wani sharaɗi ba. Sai Ibrahim, inda ya kamata a ɓata tawada. An kira shi yana da shekara 75 (Farawa 12:1-4), aka haifi Ishaku yana da 100 (21:5). A rubuta 25 a gefe da manyan lambobi. A sura 15 aka yanka karsana da akuya da rago, kowanne bana uku, aka tsaga su biyu, sai kurciya da ɗan tattabara waɗanda ba a tsaga ba. A al'adar wancan zamani masu ƙulla yarjejeniya kan ratsa tsakanin tsagin naman, wato wanda ya saɓa ya zama kamar dabbar nan, kamar yadda Irmiya 34:18 ya nuna. A wannan dare Ibrahim barci ya kwashe shi, tanderu mai hayaƙi da harshen wuta ne kaɗai suka ratsa. Allah ne ya ɗauki kayan shi kaɗai. A wurin aka gaya masa zuriyarsa za su yi baƙunci da bauta shekara 400, su komo a tsara ta huɗu. A sura 17, yana da 99, aka ba da kaciya a rana ta takwas ta zama alama. Kada a tsallake aya 20, inda aka yi wa Isma'ilu alkawarin 'ya'ya goma sha biyu shugabanni, domin Farawa 25:13-16 ta jera sunayensu cif. Mutumin da aka yi wa alkawarin ƙasa sukutum ya rasu bai mallaki komai a cikinta ba sai saura da kogon Makfela da ya saya shekel 400 na azurfa don ya binne Saratu (sura 23). Ibraniyawa 11:13 ta faɗi haka ba tare da kwana-kwana ba: sun mutu ba su karɓa ba, daga nesa suka hango.

An maimaita wa Ishaku a 26:3-5, an maimaita wa Yakubu a Betel a 28:13-15. Sannan akwai wani zare da mutane da yawa ba su taɓa bi ba, na ƙasusuwan Yusufu. A Farawa 50:24-25 ya rantsar da 'yan'uwansa su fita da ƙasusuwansa. A Fitowa 13:19, cikin rububin daren fita, Musa ya tuna ya ɗauke su. A Joshuwa 24:32 aka binne su a Shekem. Littafi uku, ɗaruruwan shekaru, magana ɗaya. Idan yara za a koya wa, da wannan za a fara.

Mai rubutawa zai ci karo da lamba biyu a kan shekarun zaman Masar. Farawa 15:13 ta ce 400, Fitowa 12:40 ta ce 430, Bulus kuma a Galatiyawa 3:17 ya ƙirga 430 daga alkawari zuwa Shari'a. A rubuta kowace a inda take, kada a gyara ɗaya don ta dace da ɗaya. Abin da Fitowa 2:24 ta damu da shi shi ne Allah ya ji nishinsu ya tuna da alkawarinsa da Ibrahim da Ishaku da Yakubu. Na Sina'i yana Fitowa 19:5-6 da 24:3-8, shi kam da sharaɗi, jama'a kuma suka karya shi da ɗan maraƙin zinariya tun Musa bai sauko ba, aka sabunta a sura 34. Maimaitawar Shari'a 7:9 ita ce ayar da ta ambaci tsara dubu. A gefen cikawa a sa Joshuwa 21:45 da 23:14 da 1 Sarakuna 8:56, inda aka shaida ko kalma ɗaya ba ta faɗi ƙasa ba.

Na Dawuda, 2 Sama'ila 7:12-16, shi ne ya fi shan gwaji, don haka a ba shi fili. Mulki ya tsage bayan Sulemanu, aka bar wa gidan Dawuda fitila saboda alkawari (1 Sarakuna 11:36). Ataliya ta karkashe 'ya'yan sarauta, jariri ɗaya, Yowash, gwaggonsa ta ɓoye shi shekara shida a Haikali (2 Sarakuna 11). Duk alkawarin a lokacin yana rataye a wuyan yaro guda. Urushalima ta faɗi a 586 kafin haihuwar Almasihu, gadon sarauta ya zama kango. Littafin Sarakuna na biyu ya rufe da ɗan ƙaramin labari: Sarki Yekoniya, wanda wasu bugu ke kira Yehoyakin, an fito da shi daga kurkukun Babila a shekara ta 37 ta zaman talala, yana cin abinci a teburin sarki. Wannan sunan ne zai sake ɓullowa a Matiyu 1:12. Irmiya 29:10 ya ce shekara 70, Sairus sarkin Farisa ya ba da izinin komawa a 538 (Ezra 1), aka gama Haikali na biyu a shekara ta shida ta Dariyus (Ezra 6:15), kusan shekara 70 daidai da rushe na farko.

A nan muna roƙo a sa Zabura 89 gaba ɗayanta, ba rabin farko kaɗai ba. Daga aya 38 mawaƙin ya juya yana tuhuma, yana tambayar ina ƙaunar da aka rantse wa Dawuda. Littafin bai ji kunyar ajiye wannan kukan ba. Shafin iyalin da ya ƙunshi haihuwa da aure kaɗai, ya ɓoye jaririn da bai yi kwana arba'in ba, da shekarar da aka gudu aka bar gida, bai bi salon littafin da yake ciki ba. Iyalan Kiristan Kano da yawa suna da irin waɗannan shekaru. A rubuta su.

Daga nan hanya ta miƙe: Irmiya 31:31-34, sabon alkawari da za a rubuta a zuciya, Luka 1:32-33, da waƙar Maryamu a 1:54-55, da ta Zakariya a 1:72-73, dukansu suna komawa ga Ibrahim da Dawuda, ƙoƙon Jibin Ubangiji a Luka 22:20, Ayyukan Manzanni 2:39, ku da 'ya'yanku da na nesa, Galatiyawa 3:29, Ibraniyawa 6:13-18 da sura 8.

Tsarin shafukan zuriya a ɗauko shi daga Matiyu 1. Ya kasa tsararraki kashi uku, goma sha huɗu kowanne, kuma wanda ya gwada da 1 Tarihi 3:11-12 zai ga ya tsallake sarakuna uku, Ahaziya da Yowash da Amaziya. Wato ko jerin da ke da giɓi jeri ne, don haka rashin sanin sunan kakan kaka ba dalilin barin shafi fayau ba ne. A fara daga wanda aka sani. Matiyu ya kuma sa mata biyar, Tamar da Rahab da Rut da matar Uriya da Maryamu. Fom ɗin shago sau da yawa layin uba kaɗai yake bi. A ja wa uwa nata gurbi, da sunanta na yanka da garinsu, ba «matar wane» ba. Bangaskiyar Timoti ta wajen kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki ta biyo (2 Timoti 1:5), duk wanda ya san aikin zumuntar mata a majami'unmu kuma ya san haka abin yake har gobe. Gurabun da ake bukata: suna, uba, uwa, wuri da ranar haihuwa, baftisma da majami'ar da aka yi, aure, rasuwa da inda aka binne. A shafin farko a rubuta wanda ya fara karɓar bishara a gidan, da ƙauyensu, ko daga Maguzawan karkarar Kano ya fito, ko daga Zariya ko Filato ko Adamawa aiki ya kawo shi. Daga 1932 zuwa yau an haura shekara 90, wasu gidaje suna tsara ta huɗu da karanta littafin da Hausa, kuma tsara huɗu ɗin ne Zabura 78:5-6 ta ƙirga: kakanni, 'ya'yansu, waɗanda ba a haifa ba tukuna, da nasu 'ya'yan. A ƙasan shafin dai a ƙara Littafin Mahukunta 2:10, tsarar da ta taso ba ta san Ubangiji ba, ita kuwa tsara ɗaya ce tak bayan Joshuwa. Suna a rajista ba takardar gadon gona ba ce.

Abin rubutu: fensir mai laushi, ko alƙalami mai baƙar tawada da ba ta narkewa a ruwa. Man biro yana ratsa siririyar takarda da shekaru ya fito ta baya, jan biro kuma yana dushewa. Alƙalamin maka mai ruwa ya haramta a shafukan nassi, fensir mai launi ya wadatar. A roƙi mai ɗinki ya sa zaren alama biyu, ɗaya na karatun yau da kullum, ɗaya na jerin alkawari, kowanne ya ɗara tsawon littafin daga kusurwa zuwa kusurwa da santimita 5.

Wajen kuɗi, aiki na uku da fata ta gaske yana iya kaiwa kuɗin sabon littafi ko ya ɗara, wannan kuma ba zalunci ba ne idan aka duba kwanakin da yake ci. A ba da rabi, rabi sai an duba. Ranar karɓa ka zauna a shagon. Ka buɗe a Zabura ka ɗora a tebur, ya kamata ya kwanta da kansa. Ka leƙa lungu a wuri biyar ka ga zare, ka ga kuma ƙarshen kowane layi. Ka bi mahaɗar ƙunshi ka tabbatar lambar shafi na bin juna, domin juya ƙunshi ɗaya kai ƙasa ko musanya biyu kuskure ne da ke faruwa ko ga gwani. Bangon da ya banƙare waje alama ce ko an yanka kwali a karkace da jijiyarsa, ko ba a danne shi ya bushe ba. Shafukan da suka manne a lungu gam ne ya yi yawa, kada ka ja, ka mayar masa ya raba da ƙashi.

Hukuncinmu: na gam zalla don littafin makarantar Lahadi da yara ke ja, ya yi. Na huda a bar wa furojet. Na ƙunshi-ƙunshi, idan ka kai fatarka da shafukanka, ka kuma hana yankan gefe, aiki ne da ba ya jin kunyar a gwada shi da na ko'ina.

Sauran ya rage ga gida. Kunun sitaci abincin kyankyaso ne, takarda kuma ta gara ce, don haka kada littafin ya kwana a ƙasa ko jingine da bangon da ke tsatsafo da ruwa a watan Agusta. Kanta mai tsawo, nesa da taga, da busasshen ganyen darbejiya a ƙyalle kusa da shi, ba a cikin shafuka ba. Leda tana tara gumi ta kawo fumfuna, jakar yadi ko gafaka ta fi. Kada a bar shi a gaban mota da zafin Afrilu, kada a cusa masa takardun sanarwa da ambulan ɗin baiko har gadon baya ya buɗe. Idan ruwan sama ya taɓa shi, ban da shanya a rana. A tsayar da shi a buɗe gaban fanka, a sa farar takarda bayan kowane shafi 20, a riƙa sauyawa har ta daina jiƙewa, sannan a danne shi da nauyi kwana uku. Fata kuma sau ɗaya a shekara, farkon hunturu, a goga mata kakin zuma kaɗan da tsumma mai laushi. Ban da man gyaɗa, ban da man shanu, su ne ke kiran ɓera.